Ɓeran Masar a Sharaɗa, Farin Ɓera a Ɗakin Gwaji: Shin Sun Cancanci Likita?

A watan Afrilun bara, lokacin da zafin Kano ya kai inda kwanon rufi ke ƙona hannu tun kafin azahar, ɗan ƙanwata ya shigo gidana rungume da kwali. Shekarunsa goma sha ɗaya, gidansu kuma yana bayan masana'antun Sharaɗa, inda warin jima ke biyo iska ya iske mutum har kan gadonsa. A cikin kwalin akwai ɓerayen Masar guda biyu, ragowar bakwai da yake kiwo a wani akurki da ya haɗa da katako da ragar waya. Ya ce, "Kawu, sun daina cin abinci, wannan kuma ba ta iya taka ƙafar baya." Na tambaye shi abin da ya ba su. Ya ce wani mai kemis ne ya sayar masa da kafson amfisilin, ya ce ya fasa ya zuba musu a ruwan sha kamar yadda ake yi wa kaji. Cikin kwana huɗu, guda biyar suka mutu da zawo.

Da yamma na mayar da shi gida, na ce wa mahaifinsa, wato surukina, gobe zan kai dabbobin a duba su. Mutumin ya yi shekara goma sha biyu yana aiki a wata majema a Challawa. Ya miƙo mini hannuwansa biyu, fatar ta tsage a tsakanin yatsu saboda farar ƙasa da gishirin jima, ya ce, "Yaya, ana ta kai wa yake ta kaya? Dubi hannuna. Ni ban ga likita a kan wannan ba, sai ɓera ne zai gani?" Ban iya ba shi amsa a daren ba. Tun daga ranar nake juya maganarsa, domin gaskiya ce ya faɗa, ko da yake ba ita ce gaskiyar duka ba.

Tambayar a fili ita ce: a gari irin Kano, ya dace likitan dabbobi ya ɓata lokacinsa, gwamnati ko jami'a ta ɓatar da kuɗinta, a kan lafiyar ɓeran Masar da yara ke kiwo da farin ɓeran da ɗalibai ke gwaji da shi? Masu cewa a'a suna da hujjoji, kuma ba zan rage musu nauyi ba.

Hujjarsu ta farko ita ce ta surukina, wato abin da ya fi muhimmanci shi ake fara yi. Likitocin dabbobi ba su wadaci Arewa ba. Tun 1924 aka kafa cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom kusa da Jos, a 1964 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe tsangayar koyar da likitancin dabbobi, amma har yau Bafulatanin da saniyarsa ta kamu da ciwon huhu a daji ya fi samun mai tallar allura a kan babur kafin ya samu likita. A 2006 murar tsuntsaye ta shiga gonakin kaji na Kaduna da Kano, mutane suka yi asarar jarinsu a cikin mako guda. Cizon mahaukacin kare bai daina kashe yara ba. Sai a 2024 gwamnatin tarayya ta ware wa kiwo ma'aikata tasa ta kansa. Saniya dukiyar gida ce, akuya ita ce asusun matar aure, kaza ita ce kuɗin makarantar yaro. Duk sa'ar da likita ya ɓatar a kan dabbar da ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, in ji su, sa'a ce da aka ƙwace wa makiyayi. A Ingila da Amurka akwai likitocin da ba su da aiki sai irin waɗannan ƙananan dabbobi, har da ɗaukar hoton ƙashi da tiyata, amma can mutanen sun gama da yunwa kafin su waiwayi wannan. Wanda ya kwaikwaye su a Dakata ko Panshekara ya ɗauki kayan da ba nasa ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko tsoratarwa. Dangin ɓera suna ɗauke da cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓeran nan mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa idan suka taɓa abinci. Shekara da shekaru ma'aikatan lafiya suna roƙon mutane su rufe hatsi, su toshe ramuka, su raba gidajensu da ɓera. Yanzu kuma sai a zo ana koya wa yara rungumar wani ɗan'uwansa? A 2003 an kwashi ƙananan dabbobin daji kusan 800 daga Gana zuwa jihar Teksas ta Amurka domin sayar wa masu sha'awar kiwo, cikinsu har da gafiya. Suka shafa wa wasu dabbobin kiwon gida ƙyandar biri, su kuma suka shafa wa mutum 47 a jihohi shida. Daga nan Amurka ta hana shigo da dangin ɓera daga Afirka. Idan ƙasa mai irin wannan tsaro ta sha wannan, in ji masu wannan ra'ayi, ina ga unguwar da ɗaki ɗaya ke ɗauke da mutum takwas, akurkin dabba yana jingine da randar ruwan sha?

Akwai kuma masu kawo addini. Hadisi ya inganta cewa ɓera yana cikin dabbobi biyar masu ɓarna da aka halatta kashewa ko da a cikin Harami ne, tare da kunama da hankaka da shirwa da kare mai cizo. A wurin Bahaushe ma ɓera ɓarawo ne, shi ya sa ake kiran mai ɗan hali da sunansa. Abin da shari'a ta ce a kashe, ta yaya za a kai shi asibiti?

Bari in fara da wannan ta ƙarshe, don ita ce mafi sauƙin warwarewa. Sunan ne ya ruɗe mu. Ɓeran Masar bai fito daga Masar ba, kuma ba shi ne ɓeran rumbu ba. Asalinsa tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, inda mutanen Peru da Bolibiya suka yi dubban shekaru suna kiwonsa don nama, kamar yadda muke kiwon zomo. Ba shi da jela, ba ya hawa bango, ba ya haƙa rumbu, ciyawa yake ci. Macen takan yi wata biyu da 'yan kwanaki da ciki, ta haifi biyu zuwa huɗu da gashinsu da idonsu a buɗe, kuma idan an kula da shi yakan yi shekara biyar zuwa bakwai. Hukuncin ɓeran da ke shiga tukunyar mai ya ɓata ta ba zai hau kan dabbar da mutum ya sayo da kuɗinsa ya kulle a keji ba. Wadda ta hau kanta ita ce maganar matar nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wadda ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Haka nan ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, da ya mutu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lura da baƙin cikin yaron har ya tambaye shi labarin tsuntsun. Malamai sun fahimci halaccin yaro ya riƙe ƙaramar dabba daga wannan, da sharaɗin ya ba ta haƙƙinta. Ba wanda ya tilasta maka kiwo. Amma ranar da ka rufe ƙofar keji a kan mai rai, ci da sha da lafiyarsa sun koma wuyanka.

Game da cuta kuwa, ina tare da masu tsoro rabin hanya. Gafiya da kurege da duk wani abin da aka kamo daga daji ko daga kwata bai kamata ya zama abin wasan yara ba, a nan babu jayayya. Labarin Amurka na 2003 labarin dabbobin daji ne da aka kamo, ba na waɗanda aka haifa a keji kaka da kakanni ba. Shi ma ɓeran Masar yana iya shafa wa yaro makero, ko ya jawo masa gudawa idan ya taɓa kashinsa ya ci abinci bai wanke hannu ba. Sai dai wannan hujja ce ta neman likita, ba ta guje masa ba. Yara a Ja'en da Sabuwar Gandu da Gama suna kiwon nan ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Dabbar da ba wanda ya san lafiyarta ita ce abin tsoro.

Saura hujjar surukina, wadda ta fi ƙarfi. Da na bincika sai na tarar abin da ya kashe dabbobin ɗansa ba rashin na'ura mai tsada ba ne, rashin sanin abu uku ne da za a iya rubutawa a bayan katin asibiti. Na farko, ɓeran Masar kamar ɗan Adam yake, jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa, sai ya ci a abinci. Akuya da kare da ɓeran gida duk suna haɗa nasu. A 1907 wasu likitoci biyu a ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ciyar da ɓerayen Masar hatsi zalla, sai dasashinsu ya fara jini, gaɓoɓinsu suka kumbura, irin ciwon da ya daɗe yana kashe matuƙan jiragen ruwa. Ta wannan hanyar aka bi har aka gano bitamin ɗin. Yaron nan, da rani ya yi ciyawa ta ƙone, dusa da gero kawai yake ba su. Abin da ya hana macen taka ƙafa ke nan. Maganinsa ɗan yankin gwaiba ne ko tattasai ko ganyen zogale kullum. Na biyu, fenisilin da danginsa, irin su amfisilin da amoksisilin, guba ne gare su, domin suna kashe ƙwayoyin halittar da ke taimaka wa hanjinsu narkar da ciyawa, sai masu dafi su mamaye wurin, zawo ya kashe dabbar. Na uku, dabbar tsauni ce mai son sanyi. Da zarar zafi ya doshi digiri 30 ta shiga wahala, Kano kuwa a Afrilu takan haura 40, ballantana a ƙarƙashin langa-langa. Inuwa da iska da tsumma mai laima a kan keji sun isa.

Ina kuɗin da aka ƙwace wa makiyayi a cikin wannan? Ba na neman a gina wa ɓeran Masar asibiti. Asibitin dabbobi na Gwale da sauran irinsa suna nan, ma'aikatan da ke duba tumaki da kaji suna ciki. Abin da ake bukata shi ne wanda yaro zai tarar a bakin teburi ya san waɗannan abubuwa uku, mai sayar da maganin dabbobi shi ma ya sani, don kada ya miƙa wa yaro abin da zai kashe masa dabba da hannunsa. Ni na ga fuskar yaron lokacin da ya gane cewa maganin da ya saya da kuɗin tararsa shi ne ajalinsu. Ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai shekara goma sha ɗaya. A wannan akurkin ne yake koyon tashi da asuba don wani mai rai, da lissafin abinci, da haƙurin jiran haihuwa. Makiyayan gobe da likitocin dabbobin gobe daga irin waɗannan yaran za su fito.

Amma da a ce maganar ta tsaya a kan abin wasan yara, da ban ɗauki alƙalami ba. Akwai wani ɓeran a Kano wanda ba mai shafa bayansa, kuma shi ne ya fi kusa da hannun surukina da ya tsage.

Duk wanda ya san Bompai da Sharaɗa da Challawa ya san ruwan da ke fita daga cikinsu: wani baƙi, wani shuɗi-shuɗi, wani da kumfa da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar Wasai ta wajen Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa, wanda shi ma yake karɓar na masana'antun Challawa kafin ya wuce ta Tamburawa. A gefen waɗannan rafuka manoman rani suke shuka latas da kabeji da alayyahu da karas, su kawo mana kasuwa. A bakin irin wannan magudanar ce ma yara suke yanko wa dabbobinsu ciyawa idan ta yi wuya, domin nan ne kawai ake samun ɗanya da rani. Majemun zamani suna cire gashin fata da farar ƙasa da sinadarin salfaid, sannan su jeme ta da gishirin kuromiyam. Masu bincike daga jami'o'inmu sun daɗe suna auna kuromiyam da dalma da sauran ƙarafa masu nauyi a ruwan nan da ƙasar da ganyayen da ke fitowa a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita ta ruwan sha.

To ta yaya aka san abin da irin wannan ƙarfe yake yi wa jiki? Ba a iya tara mutane a shayar da su guba a zauna a jira. Ɓera ake shayarwa. Kuromiyam iri biyu ne a wannan fage: wanda ake jima da shi, mai sauƙin illa, da wani mai tsananin dafi wanda na farkon kan iya rikiɗewa ya koma shi a wasu yanayi. A 2008 hukumar binciken guba ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon gwajin shekara biyu, inda aka zuba wannan mai dafin a ruwan shan ɓeraye iri biyu, manya da ƙanana. Manyan suka samu ciwon daji a baki, ƙananan suka same shi a ƙaramin hanji. Da irin wannan shaida ake tsayawa gaban masu masana'anta da masu doka a ce ga dalilin da ya sa dole a tace ruwa kafin a sake shi. Farin ɓeran da ake kira Wistar, wanda aka fara renonsa a wata cibiya a birnin Filadelfiya a 1906, shi ne yau yake cikin kejin ɗakunan gwaji na Kano da Zariya da Sakkwato. Ana ba shi abu na kwana 28 ko 90, a ɗebi jininsa, a yanka shi a duba hanta da ƙoda. Duk jiƙon sassaƙe da ɗalibi ke son tabbatar da amfaninsa, ta cikin wannan dabba yake bi. Tun kafin haka, da ɓeran Masar Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar cutar tarin fuka a Jamus a 1882.

Nan ne maganar likitan dabbobi ta daina zama ta tausayi kaɗai. Ɓeran da aka cusa su goma a kejin da ya dace da huɗu, a ɗakin da wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, ana ba shi abincin kaji yau gobe a manta, ruwansa ya ƙare ranar Asabar ba mai zuwa sai Litinin, wannan ɓera hantarsa da ƙodarsa sun riga sun jigata kafin a ɗiga masa komai. Idan aka yanka shi aka ga illa, wa ya san ko ruwan Salanta ne ko ƙishirwa? Idan mai majema ya ɗauko lauya da masani, da wannan zai rushe binciken gaba ɗaya, kuma yana da gaskiya. Shaidar da za ta kare ma'aikacin Challawa da manomin Jakara ba ta da ƙarfi sai in ɓeran da ya ba da ita lafiyayye ne tun farko. A 1959 wasu masana biyu a Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da duniya ke bi yanzu: a musanya dabba da wata hanya duk inda zai yiwu, a rage adadin da ake amfani da shi, a kuma sassauta wahalar wanda ba makawa sai an yi da shi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da kwamitin da ke duba yadda za a yi amfani da dabbobi kafin a fara bincike. Irin wannan kwamiti ba ado ba ne, kuma takardar izini ba ta wadatar ba idan ba likitan da ke leƙa kejin da idonsa.

Mu Kanawa mun fi kowa sanin abin da ke faruwa idan aka yi gaggawar kai gwaji kan ɗan Adam. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, da yara 200 a cikin gwajin, kusan rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani. Goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 a kan dala miliyan 75. Raunin da abin ya bari a zukatan mutane ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Al'ummar da ta ɗanɗana wannan bai kamata ta raina matakin da ke gaban gwajin mutum ba, ko dabbar da ke tsaye a wurin.

Sai dai masu ja suna da sauran kibiya biyu, kuma duka sun same ni. Ta farko, ɓera ba mutum ba ne. A 1940 a Oksfod, Howard Florey da abokan aikinsa sun gwada fenisilin a kan ƙananan ɓeraye takwas da aka sa wa cuta, huɗun da ba a ba su maganin ba suka mutu a daren, waɗanda aka ba suka kwana da rai. Maganin nan da ya ceci miliyoyin mutane shi ne dangin wanda ya kashe dabbobin ɗan ƙanwata. Da ɓeran Masar kaɗai aka dogara da shi, da an iya yanke wa maganin hukuncin da bai dace ba. Abin da ya faru a jikin dabba ishara ce, ba hukunci ba, kuma mai binciken da ya shayar da ɓera shida jiƙo na mako biyu sannan ya fito rediyo yana cewa ya gano maganin ciwon suga ya zalunci ɓeran, ya kuma zalunci mai sauraro.

Ta biyu ita ce ta fi yi mini ciwo. Kowace shekara ana yanka ɓeraye a ɗakunan gwaji, a rubuta kundi da Turanci, a ɗaure shi da baƙin bango, a ajiye a kanta. Ɗalibi ya samu digiri, malami ya samu ƙarin girma, ruwan Getsi yana nan da launinsa. Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin dokokin muhalli, an kuma sha yin maganar matatar da za ta haɗa ruwan majemun Kano ta tace, amma mai tafiya a ƙafa ta bayan Sharaɗa hancinsa zai gaya masa inda aka kwana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Surukina bai taɓa jin sakamakon ko ɗaya daga cikin binciken da aka yi a kan ruwan da yake tsoma hannu a ciki ba. Idan haka za a ci gaba, masu cewa a bar ɓerayen nan su huta sun fi ni hujja, domin ran da aka ɗauka ba don amfanin kowa ba, za a tambayi wanda ya ɗauke shi.

Duk da haka ban yarda maganin wannan shi ne a juya wa ƙananan dabbobi baya ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Daga baya mazauna wurin suka tuna cewa agwagi ne suka fara ɓacewa watanni kafin yara su fara suma, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Da akwai wanda aikinsa ne ya tambayi abin da ya kashe agwagwa, da wataƙila an farga da wuri. Ƙaramar dabbar da ke cin ciyawar bakin magudana tana shan ruwan rijiyar gida, jikinta ya fi namu saurin nuna illa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A Morogoro ta Tanzaniya ma, ƙungiyar APOPO ta horar da 'yar'uwar gafiyar da muke bi da sanda, tana shinshina majina ta nuna mai tarin fuka, tana kuma gano nakiyoyin da aka binne a ƙasa.

Ga inda na tsaya. Surukina ya yi gaskiya a kan jeri: hannunsa yana gaba da ɓeran ɗansa, saniyar makiyayi tana gaba da abin kiwon yara, kuma duk wanda ya ce a ware kasafi don gina wa ɓeran Masar asibiti a Kano ba zan goyi bayansa ba. Inda ya kuskure shi ne zaton cewa kula da ɗaya yana rage wa ɗayan. Abin da ɓeran Masar ke bukata ilimi ne na shafi guda a hannun ma'aikatan da muke da su. Abin da farin ɓera ke bukata shi ne likitan dabbobi mai ikon dakatar da gwaji a kowane ɗakin renon dabbobi na jami'a, da ruwa, da iska, da adadin da bai wuce bukata ba, da yanka mai sauƙi irin wanda addini ya yi umarni da shi. Macen nan da ba ta iya taka ƙafa, gwaiba da zogale da inuwa suka tashe ta cikin mako biyu, ba a kashe ko naira dubu ba.

Roƙona ga malaman jami'a da ɗalibansu shi ne, duk wanda ya shayar da ɓera ruwan Challawa ko na Getsi ya ga abin da ya yi wa hanta da ƙoda, kada ya tsaya a kundi. Gidan rediyon Freedom a cikin Sharaɗa yake, tsakiyar masana'antun. Ya je can ko wani gidan, ya faɗa da Hausa abin da ya gani da iyakar abin da gwajinsa zai iya tabbatarwa, ya kai kwafi ga hukumar muhalli da ƙungiyar ma'aikatan majemu da masu unguwannin da ruwan ke ratsawa. Iyaye kuma, idan yaro ya kawo muku kwali da dabba marar lafiya a ciki, kada ku tura shi kemis, ku raka shi asibitin dabbobi.